Inda muka kai da Bahago: ɗamara ta zauna, saura ƙarar igwa

'Yan'uwa masu koyon horar da aku, ga inda aka kwana game da Bahago, akuna ruwan toka mai jan wutsiya, irin na dazukan Kamaru da Kongo. A nan Amurka aka ƙyanƙyashe shi, kuma ina da takardunsa. Na faɗi wannan ne domin tun taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannesburg aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, don haka kowa ya binciki asalin tsuntsu kafin ya saya.

Burina bai canza ba: in fita da shi taron masu shigar 'yan fashin teku a nan Tampa, jihar Fulorida, ya je lafiya ya dawo lafiya. Garin nan da bikin Gasparilla aka san shi, wanda aka fara a 1904. A ƙarshen Janairu jirgin ruwa mai suna José Gasparilla yakan shigo gaɓa ana ta harba igwa, magajin gari ya miƙa mabuɗin birni, sannan a yi jerin gwano a titin Bayshore ana watsa wa jama'a sarƙoƙin roba. Duk wanda ya gan ni da aku sai ya ce, "Ai shiga ta kammala, ɗora shi a kafaɗa kawai." Wannan hoto na ɗan fashi da aku a kafaɗa littafin Treasure Island na 1883 ne ya yayata shi, amma tsuntsu mai rai ba kayan ado ba ne.

Babban abin da muka cimma shi ne ɗamara. Ina nufin 'yar igiyar nan mai laushi da ake zura wa tsuntsu ta kai, ta bi ƙarƙashin fukafukai, a ɗaure ɗaya bakin a wuyan hannun mai shi. Wanda akunsa bai saba da ita ba kada ya leƙa waje da shi, ko da an datse masa gashin fiffike, don iska ɗaya ta isa ta ɗaga shi, ga shaho a sama. Irin su Bahago kuwa akwai tsoron baƙon abu. Da farko nesa da kejinsa na rataye ta, yana ta harararta yana gurnani. Da gurnanin ya lafa na riƙa matso da ita. Daga nan muka koma kan ɗan tsinken da ya riga ya sani: in ya taɓa bakin tsinken da bakinsa, in ce "Yawwa!" nan take, in ba shi ɓallin almon. Sai na buɗe madaukin ɗamarar sosai, na riƙe tsinken ta bayansa, yadda ba zai kai gare shi ba sai ya zura kai da kansa. Ranar da ya fara yi, wuyansa ya miƙe, ƙwayar idonsa na tsukewa tana buɗewa, ya taɓa tsinken ya janye da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ban tura masa ba, ban kuma riƙe shi ba. Yanzu da ya ga ɗamara sai ya sunkuyar da kai, ya ɗaga fiffiken hagu, sannan na dama. Zama gajere ne, minti biyar ya wadatar, a tashi tun yana marmari.

Kafaɗa kuwa na hana. A can ba ka ganin idonsa balle ka san ya firgita, kuma kunnenka da fuskarka suna dab da bakin da ke fasa ƙwallo mai tauri. A hannu yake zama, babban yatsana a kan ƙafarsa.

Kayan shigar da ni zan sa sun zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Hula mai kusurwa uku ya karɓe ta. Ƙyallen rufe ido ɗaya ne ya ƙi, da na sa sai ya lafe da gashinsa ya ja baya, don haka na cire shi daga shigar gaba ɗaya. Maɓallan ƙarfe da 'yan kunne na bogi su ma na cire, saboda dalma da tutiya guba ne ga aku, shi kuma komai ya gani mai ƙyalli sai ya gutsura. Haka sarƙoƙin robar da ake watsawa. A wurin taro kuma mutane na son miƙo abin hannunsu: cakulan, fiya (avocado), kofi, ko abin maye, kowannensu na iya halaka shi. Na koyi cewa "a'a, na gode" tun hannun bai iso ba.

Inda muka tsaya shi ne ƙara. Ina kunna masa sautin ganguna da igwa a waya, ƙasa-ƙasa, yana cin abinci. Ganguna ba sa damunsa. Igwa kuwa, da na ɗan ƙara murya sai ya saki abin da ke ƙafarsa ya miƙe tsaye, ya daina ci. Aku da ya ƙi almon ya riga ya gaya maka komai. Saboda haka na yanke shawara: babban jerin gwano ba da shi ba, bana ko baɗi. Wannan cunkoso da harbe-harbe sun fi ƙarfinsa, kuma irinsa in damuwa ta yi yawa sai su kama fige gashin jikinsu, abin da ke da wuyar dainawa.

Akwai ƙaramin taro da wasu maƙwabta ke shiryawa yara a wani lambu, da rana, babu igwa. Can za mu fara. Zan tafi da ƙaramin kejin tafiya da mayafin rufe shi, da ruwa, mu zauna gefe a inuwa, nesa da tsuntsayen bakin teku saboda murar tsuntsaye. Yara su kalla daga nesa, babu taɓawa. In na ga yana haki ko ya saki fukafukai, mu kama hanyar gida. Kafin nan, aikin makon nan shi ne zama a ƙofar gida sanye da ɗamara, ya saba da wucewar motoci da haushin karen maƙwabci. Wanda a cikinku ya taɓa saba wa akunsa da ƙara mai ƙarfi, ina son jin da wane sauti ya fara.