Wutar da jama'a suka mallaka da kansu

Wallahi kwanakin nan ba abin da ke raina kamar wannan tsari na mutane su haɗa kuɗi su samar wa kansu wuta daga rana ko iska, su ne masu kayan, su ne masu amfani da ita, ribar ma ta dawo aljihunsu.

A Danmak akwai injinan iska guda 20 a cikin teku, a wani wuri da ake kira Middelgrunden, an kafa su a 2000, kuma rabinsu na ƙungiyar gama-kai ne, dubban mutane kowa ya sayi ɗan hannun jarinsa. A Jamus kuma mutanen wani ƙaramin gari, Schönau, bayan haɗarin da ya auku a tashar wutar nukiliya ta Chernobyl a 1986 suka dage ba ji ba gani har sai da layin wutar garin ya koma hannunsu a 1997.

Ni ƙa'idar ƙuri'a ce ta fi burge ni, a yawancin irin ƙungiyoyin nan mai hannun jari ɗaya da mai ɗari duk ƙuri'a ɗaya gare su ran taro. Kuma za ka ga mutum ya hau rufi da sassafe yana goge ƙurar sola da jiƙaƙƙen tsumma, ba wanda ya sa shi.

Amma fa batir ne inda gizo ke saƙa, yana tsufa tun kafin faifan sola su gaji, in ba a riƙa ware kuɗin canjinsa duk wata ba, ran da ya mutu kowa sai ya koma duhu ana zargin ma'aji.