Abin da aikin situdiyo ya koya mini game da sabon hedifon

Na ajiye aiki a situdiyon da na yi wa hidima, kuma kafin na tafi ina so in bar wa yaran da suka rage magana a kan abu ɗaya da ya fi cin albashin ƙananan ma'aikata a wurin, wato gasa sabon hedifon.

Dokar oga ita ce duk hedifon da aka sayo a jona shi a amfilifaya, a ƙure murya, a sa kiɗa mai bes, a kulle shi a durowa ya kwana biyu yana ihu, wai sai an yi haka muryarsa take buɗewa. In bayan mako guda ya fara zizar, sai a ce yaron da ya sa shi a kai na ƙarshe ne ya lalata, a cire kuɗin a albashinsa. Babu wanda ke tambayar halin da aka fito da shi daga durowar.

Sifikar da ke cikin hedifon abu uku ce: maganaɗisu, da koyil na siririyar wayar tagulla, da wata 'yar fata ta leda wadda koyil ɗin ke manne da ita. Faɗinta a manyan hedifon yawanci milimita 40 zuwa 50 ne. Wayar koyil a shafe take da wani siririn fenti da ke hana zagayenta taɓa juna, kuma gam ne ya riƙe ta. Idan wuta ta yi yawa na dogon lokaci, koyil ya ɗau zafi, gam ya saki, fentin ya ƙone. Bes mai ƙarfi kuma yana tura ledar fiye da iyakarta har ta lanƙwashe ko koyil ya fara gogar maganaɗisu. Hedifon Sony MDR-7506, wanda kusan kowace situdiyo ta sani, an rubuta yana ɗaukar miliwat 1,000, amma miliwat ɗaya tak na wuta yana ba da desibel 106 a ma'aunin ƙarfin ƙara. Wutar da ke ba da ƙarar da ta ishi kunne ba ta kai ko ɗigon abin da amfilifaya ke zuba masa idan an ƙure ba. Ko sabon babur da ake cewa a ja shi injin ya zauna, ai a hankali ake jan sa, ba a murɗe totur.

Ita kanta gasawar amfaninta kaɗan ne ƙwarai. Shafin RTINGS, mai gwada kayan lantarki a intanet, ya kunna hedifon na awa 120 yana aunawa, bai ga wani canjin da kunne zai kama ba. Abin da ke canzawa da gaske shi ne soson kunne, wanda ke laushi ya zauna daidai da kai, ya toshe iska, sai bes ya ƙaru. Kunnen mai sauraro ma yana sabawa da sabon sauti. Wanda ransa ba zai kwanta ba sai ya gasa, to ya sa kiɗa a muryar da zai iya saurara ba tare da ya yamutsa fuska ba, na 'yan awoyi, ya huta. Wannan ba ya cutar da komai.

Abin da ya kamata a yi ranar da aka buɗe kwali shi ne gwaji, a gaban wanda ya sayo, a rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata. Ɗauko mitar awon lantarki irin ta masu gyaran rediyo, ka sa ta a ma'aunin om, wato awon yadda waya ke turje wa wuta. A jak mai zobe biyu, tsinin kai na kunnen hagu ne, tsakiya na dama, gindi kuma shi ne wayar da suka yi tarayya. Auna tsini da gindi, sannan tsakiya da gindi. Lambobin biyu su zo kusa da juna, kuma kusa da abin da ke jikin kwali. In an rubuta om 32, hagu ya nuna 33, dama ya nuna 20, zagayen koyil ɗin dama sun haɗe, ya riga ya sha zafi. In mita ba ta nuna komai ba, ko koyil ya tsinke ko waya. Wannan gwajin na hedifon mai waya ne kawai, mai Bluetooth ba a auna shi haka.

Sai gwajin kunne. Akwai manhajojin waya da ke fitar da sauti guda yana hawa daga 20 Hz, wato bes mafi kauri, zuwa sama. Sa murya a tsakiya, ka bi a hankali daga 20 zuwa 200, kunne ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen hedifon sautinsa sumul yake fita. In ka ji zizar ko karkarwa a wani wuri, kada ka yi saurin yanke masa hukunci: cire soson ka haska da tocila, sau da yawa silin gashi ne ya ratsa ragar ya kwanta a kan ledar. A zare shi da ɗan hantsaki, hannu a sake, kada ƙarfen ya taɓa fatar domin maganaɗisu na fizgar sa. In babu gashi kuma ka ga ledar ta loɓa ko ta yi layin lanƙwasa, sifikar ce, kuma ba yaron da ya ɗauki labarai da ita jiya ne ya yi wannan ba. Daga nan ka sa murya ɗaya, ta mai karanta labarai misali, a kunnuwa biyu daidai. Ya kamata ka ji ta a tsakiyar kai. In ta karkata gefe, juya hedifon ɗin ka sa hagu a dama. In karkatar ta bi shi, laifin nasa ne, in ta tsaya a inda take, kunnenka za ka duba.

Akwai alamar da ke ruɗa sababbin yara: kiɗa na fita amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga rijiya. Wayar gindin jak ce ta saki, ko jak ɗin bai shige duka ba. Sabon jak da ɗan dalma sun isa, amma na ga an jefar da hedifon mai tsada saboda wannan, aka kuma ci wani tara. Haka ƙarar ƙas-ƙas da ke zuwa in an motsa waya, kusan kullum a wuyan jak take ko inda waya ta shiga kofin kunne.

Sauran kuwa gajeru ne. Rage murya zuwa sifili kafin ka jona ko ka zare, domin wannan ɗas ɗin da ake ji duka ne a kan ledar. Kada a naɗe waya a jikin hedifon a ɗaure tam. Lokacin hunturu a ajiye shi a jaka, ƙura na toshe raga. A goge gumi bayan kowane shiri, shi ke sa fatar soso ta yi ɓawo. Ƙananan iyafis da kunne ɗaya ya yi ƙasa, a fara duba dauɗar kunne a ragar kafin a ce ya mutu.

Littafin nan na awo ku riƙe shi a hannunku, kada ku bar shi a ofishin oga, kuma ku sa wanda ya miƙa muku hedifon ya sa hannu a ƙarƙashin lambobin kafin ku karɓa.