Gwiwar Kawu da kujerar gaba

Talata. Hazo tun asuba, daga bakin gada ko gaɓar Njamena ba a hangowa. Ofis shiru, tikitin Jidda biyu, sai mai tambayar kuɗin Dubai da ya ce zai dawo. Auta ta kawo kunu da ƙosai da ɗuminsu.

Da hantsi Kawu ya shigo, jiya ya sauka daga Gwanzu ta ƙasar Sin, jirginsu ya biyo ta Adis Ababa. Kaya sun yi sauƙi, fuskarsa a sake, har da tsarabar tocila. Ina cewa "Kawu, yaya kuka ji hanya?" sai fara'ar ta gushe.

"Bari kawai, ɗan nan. Wani yaro, bai fi sa'ar Auta ba, ana ba mu abinci ya danno mini kujera. Shayi duk a rigata. Ni kuwa na kafa masa gwiwa, har muka sauka bai ƙara motsa ta ba."

"To ku kun samu kun yi barci?"

"Wane barci? Ai in na saki zai danno. Kuɗina na biya."

Wannan "kuɗina na biya" ita ta hana ni sakat yau, don na tabbata yaron ma abin da yake gaya wa mutanensa ke nan. Kuma dukansu ba ƙarya suke yi ba. A kujerun gama-gari na jiragen dogon zango, daga kujera zuwa ta gabanta yawanci santimita 79 ne zuwa 81, kuma har da kaurin bayan kujerar a cikin awon, don haka abin da ya rage wa gwiwa bai kai haka ba. A jiragen araha na gajeren zango akan matse shi har 71. Faɗin mazauni 43 zuwa 46. Idan aka kwantar da kujera, samanta yakan koma baya kimanin santimita 10, wani jirgin ya fi, wani bai kai ba. Waɗannan goman su ne abin faɗa: na gaba an ba shi maɓalli, na baya an ba shi tebur da allon kallo a daidai wurin. Kamar rumfa ɗaya ce aka karɓi kuɗin hayarta hannun mutum biyu.

Yaron ya yi laifi, ban ɓoye wa Kawu ba. Lokacin tashi da sauka doka ce kujera ta miƙe. Lokacin abinci kuwa ladabi ne, kuma ma'aikatan jirgi da yawa da kansu suke cewa a ɗaga. Ɗan teburin nan ba ya kwanciya tare da kujera, ƙafafunsa a ƙasa suke maƙale, sai bayan kujerar ya rufto a kansa. Shi ya sa kofi ke kifewa, kwamfutar da aka buɗe kuma gilashinta kan maƙale ya tsage. Mai son kwantarwa ya fara waiwayawa ya ga ko akwai abinci, ko jariri a cinya, ko mutum ya kifa kai a tebur yana barci. Ya yi magana, in ba yare ɗaya ya nuna da hannu. Sannan ya danne maɓallin, ya jingina sannu a hankali, ya tsaya a rabi in rabin ya ishe shi. Da an kwashe kwanuka an rage fitilu, kowa na iya kwantar da tasa, na baya shi ma ya kwantar, fuskarsa ta samu sarari ko da gwiwa ba ta samu ba.

Amma kafa gwiwa ma ba hanya ba ce. Na ce, "Kawu, da kun danna maɓallin kira ma'aikaciya ta zo, da kalma ɗaya ta raba." Ya ce shi ba zai kai ƙarar ɗan cikinsa ba. Ai ba ƙara ba ce, aikinsu ne, kuma fasinja yakan ji maganarsu ba tare da ya ga an ci masa fuska ba. Faɗan kujera ba ya tsayawa inda aka fara shi. A 2014 wani jirgin United da ya taso daga Newark zuwa Denver sai da ya sauka a Chicago, saboda wani ya maƙala ɗan abin roba mai hana kwantar da kujera a teburinsa, ta gabansa kuma ta watsa masa ruwa. Su biyun aka sauke.

Dogon mutum irin Kawu, tun a ƙasa ake gyara masa zama. Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi, taswirar kujeru na nan a waya. Layin ƙofar gaggawa shi ya fi filin ƙafa, sau da yawa sai an ƙara kuɗi, kuma da sharaɗi: babba mai ƙarfin jiki, ba mai goyo ba, mai jin yaren da ma'aikata za su ba da umarni da shi. Ba a ajiye jaka a ƙasa wurin lokacin tashi da sauka, kuma akwai sanyi kusa da ƙofa. Layin da ke fuskantar bango ba mai danno maka kujera, sai dai teburin a cikin hannun kujera yake, hannun ba ya ɗaguwa, mazaunin ya ɗan ƙuntata, ba kuma inda za a zura ƙafa a miƙe. Nan ne ake rataya gadon jarirai, mai zama ya shirya wa kuka. Layin da ke gaban ƙofar gaggawa da layin ƙarshe galibi ba sa kwanciya, ko kuma kaɗan suke yi, ga na gaba yana dannowa, waɗannan a guje su. In duk an rasa, a jirgi mai kujeru uku-uku-uku irin Boeing 787 ko Airbus A350 a ɗauki bakin hanya a rukunin tsakiya. Mutum ɗaya ne kawai zai iya tashinka, shi ma yana da wata mafita ta ɗaya gefen.

Na tambayi Kawu ina ya sa jakar hannu. Ƙarƙashin kujerar gaba, saboda kuɗi da fasfo. To rabin filin ƙafarsa ke nan ya ba jaka. Kuɗi da takardu a ƙaramar jakar rataya a jiki, babbar ta tafi ma'ajiyar sama. Aljihun bayan kujera ma in aka cusa gorar ruwa da caja, ya cinye yatsu biyu uku na wurin gwiwa.

Daga nan muka shiga namu halin, don mu ma muna takura wa mutane. Babbar riga mai sitati takan malala kan maƙwabci, a naɗe ta a sa sama, jallabiya ko kaftani sun wadatar. Gwiwa kada ta wuce layin hannun kujera. Hannayen tsakiya biyu a bar wa na tsakiya, na taga yana da bangon jingina, na hanya yana da wurin miƙe ƙafa, shi ba shi da komai. Wanda zai tashi ya dafa hannun kujerarsa, kada ya ja kan kujerar gaba, yakan fizgo mai barci, wani lokaci har da gashi ko ɗankwali. Allon kallo a bayan kan wani yake, taɓawa kaɗan ta isa. Cire takalmi da safa mai tsabta ba laifi, ɗora ƙafa a hannun kujerar gaba ne ba ya yiwuwa, banɗaki kuma sai da takalmi. Mai alwala ya goge ruwan da ya zuba. Shimfiɗa darduma a hanya yana tare keken abinci da masu wucewa, a tambayi ma'aikata inda ya dace, wasu jiragen Saudiyya ma suna da wurin salla. Turare mai ƙarfi a rage, awa goma ne a rufe.

Matanmu da ba sa son zama tsakanin maza baƙi suna da dalili, kuma ana samun canji in an bi a hankali. A faɗa tun wurin rajista, in bai yiwu ba a gaya wa ma'aikaciya. Wanda za a roƙa a ba shi kujera irin tasa ko wadda ta fi, ba a karɓi bakin hanya a miƙa masa tsakiya ba. In ya ƙi, wataƙila kuɗi ya ƙara ya same ta, ko ƙafarsa ce ke ciwo.

Kawu ya saurara, ya ce shi dai yaron ba shi da tarbiyya. Na bar shi a haka.

Sai da ya miƙe zai tafi na ga ya take bayan takalminsa, ƙafa ta kumbura. Nan raina ya ɓaci. Sama da awa goma bai tashi ko sau ɗaya ba, ruwa ma kaɗan ya sha don kada fitsari ya tashe shi. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, nauyinta kamar na kan dutse mai tsawon mita 1800 zuwa 2400, zama wuri ɗaya kuma yana sa jini ya taru a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiya yakan kusan ninka bayan zaman awa huɗu. Maganin ba wuya: tashi a taka duk awa ɗaya ko biyu, juya idon sawu, ɗaga dunduniya a sauke, shan ruwa a kai a kai. Kumburin ƙafa biyu da ya saɓe bayan kwana ɗaya an saba da shi. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, sharaɓa na ciwo da zafi, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, wannan asibiti ne nan take, ba tausa ba, kuma yana iya bayyana kwanaki bayan sauka. Ya ce duka biyun ne. Na sa ya ɗage wando na duba, haka ne.

Wuta ta ɗauke da la'asar. Mai Dubai bai dawo ba.

Bayan isha na kira gida, Goggo ta ce Kawu yana barci, ta tusa masa matashi ƙarƙashin ƙafa. Na ce ta sake dubawa da safe ta kira ni. Ita ce ma ta fi damuna, ga umara wata mai zuwa, ga ciwon gwiwa, ga kunyar tashin mutum ta wuce. Na riga na kama mata bakin hanya zuwa da dawowa, layi uku daga banɗaki. Gobe Auta za ta ƙetara Njamena ta tambayo safar matsi, mai rage taruwar jini a ƙafa, a kantin magani, amma sai an fara auna idon sawun Goggo da sharaɓarta, don lamba-lamba ake sayar da ita.