Shekarun da na ba masu magani

Na leƙa ɗakin 'yar yayana a Gusau, na tarar da jarkar jiƙo ƙarƙashin gado, ga ƙullin garin magani da ta saya wajen mai mota da lasifika. An daɗe da aurenta, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na ce, "'Yata, kin ga likita?" Ta ce, "Gwaggo, sanyi ne kawai."

Amsar da na riƙa bayarwa ke nan ina shekara 27. Na sha saiwa, na yi hayaƙi, na bi duk wanda aka ce ya iya har Ƙauran Namoda. Ban ce laifina ne ni kaɗai ba. Wa zai kai ni asibiti alhali dangin miji sun gama yanke hukunci cewa juya ce? Maigidan ma ko sau ɗaya ba a auna shi ba, kuma ban da bakin cewa ya je. Amma gaskiya akwai ƙawata ma'aikaciyar jinya da ta yi ta roƙona, na ƙi, don tsoron abin da za a gano.

Sai da na kai 40 na sayar da gonar gadona muka tafi Abuja dashen ƙwai. Na sha allurai a ciki, aka zuƙo ƙwai aka haɗa da maniyyinsa. Kullum mai kula da ɗakin gwaji tana kira: wannan ƙwan ya rabu yana girma, wannan ya tsaya. Kwana biyar ake so ɗan tayi ya yi yana girma kafin a mayar da shi mahaifa. Nawa babu wanda ya kai.

A nan likita ta gaya mini abin da ya kamata in sani tun ina budurwa. Mace da ƙwanta ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, ba ta ƙara yin sabo. Daga shekara 35 ingancinsa yana faɗuwa da sauri, ƙwayoyin gado na rabuwa ba daidai ba, sai tayin ya ƙi ci gaba ko a yi ɓari. Babu jiƙon da ke mayar da shi baya. Tun 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririyar farko da aka samu ta dashen ƙwai, kafin ma a yi mini aure, amma ni na ɓata shekaru ina shan saiwa.

Ku 'yan yanzu waya na hannunku, amma mai tallar magani a TikTok kuke saurare! In kin shekara da aure babu ciki, je asibiti, ke da mijin, a auna ku duka. In kin haura 35, wata shida ya isa. Kada ki sayar da gona kan abin da ba shi da tabbas. Ko da yake da zan koma 30, wallahi zan sake sayarwa. Haihuwa ta Allah ce, ki yi ta addu'a, amma ki yi ta kina layin ganin likita.