Na Je Landan Na Tarar da Gyaɗarmu a Labarin Yunwarsu

Tun a filin jirgi aka raba ni da kilishina. Na sa an yi mini shi musamman a Agadasawa, an naɗe da takarda ninki uku, amma wani jami'i ya zaro ƙunshin daga jaka da yatsu biyu yana yamutsa fuska, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Doka ce, ban ja da ita ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yaron bai kai sa'ar ɗana na biyu ba, ga furfura a gemuna, amma ko sannu da hanya babu. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji dai sun tsira.

Bikin kammala karatun 'yar ƙanina ne ya kai ni, don mahaifinta ba shi da lafiyar doguwar tafiya. Ni ɗan Kantin Kwari ne, yadi nake aunawa tun ina saurayi, kuma da niyyar leƙa kantunan tufafinsu na tafi. Sai tafiyar ta karkata wani wajen daban, a dalilin tsohuwar da yarinyar ke haya a gidanta a kudancin Landan.

Baturiya ce, ta haura 85, ita kaɗai a gida sai kyanwa. Da ta ji cewa baffan yarinya ya zo daga Kano, ta ce lallai in sauko mu sha shayi. Na zuba sukari cokali uku kamar yadda na saba. Ta bi cokalin da ido har na gama, ta yi dariya, ta ce a zamanin ƙuruciyarta da na yi haka a gidan mutane da ba a sake gayyata ta ba. Ita ba ta sa sukari ko kaɗan. Uwarta ce ta yaye su daga shi lokacin yaƙin duniya na biyu don ta tara na yin kek ranar biki, kuma har yau bakinta bai koma ba. Daga nan ta miƙe da sandarta, ta ɗauko wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa a gefe.

A ciki akwai ɗan littafi mai launin ƙasa-ƙasa, bai fi tafin hannu ba. Littafin rabon abinci ne na uwarta, na 1953 zuwa 1954, wanda da shi gwamnati ke ƙayyade wa kowa abin da zai iya saya. A bango an rubuta suna da adireshi da hannu, ga hatimin ofishin abinci na unguwa. Shafin ciki na ɗauke da hatimin mahauci da na mai kanti, domin kowa sai ya yi rajista da mahauci da kantin da ya zaɓa, can kaɗai zai karɓi rabonsa. Sauran shafukan 'yan gidaje ne ƙanana, kowane mako da nasa, an soke wasu da fensir. Na ƙarshen ba a taɓa su ba, saboda a ranar 4 ga Yuli 1954 aka daina rabon nama, shi ne abu na ƙarshe da ya rage. Yaƙin da iyayenmu ke kira yaƙin Hitila ya ƙare tun 1945, amma sai da suka ƙara shekara 9 suna bin layi da littafi a hannu. Burodi ma da ba a taɓa ƙayyade shi ana cikin yaƙin ba, sai a 1946 aka sa shi a rabo, har 1948.

Ta ce littattafan kala uku ne: irin wannan na manya, kore na masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, shuɗi na yara daga 5 zuwa 16. Mai kore ita ake fara ba madara da ƙwai da lemo idan ya samu. Sai ta shiga lissafo mini rabon babban mutum na mako guda, ba ta ko duba takarda: sukari giram 227, ganyen shayi giram 57, man shanu giram 57 a yawancin lokaci, ƙwai ɗaya. Ƙwai ɗaya a mako! Na ce wa yarinyar ta sake tambayarta ko kunnena ne. Ta ce, "Baffa, haka ta faɗa, kuma ta ce wani makon ma ba ya zuwa." Mai shayin bakin layinmu yana fasa wa mutum ɗaya huɗu a zama guda, ba wanda ya ɗaga kai. Nama kuwa ba da awo ake ba da shi ba, da kuɗi ne, na sule ɗaya da kwabo biyu a mako, don haka mai dabara takan zaɓi yanka mai arha ta samu da ɗan auki. Na tambayi yadda Musulmi suka yi da rabon naman alade, aka ce su da Yahudawa an ba su damar musanya shi da wani abin.

Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne. Tsibiri ne, kafin yaƙi wajen kashi biyu cikin uku na abincinsu ta teku yake zuwa, ga jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da na dakon kaya. A ranar 8 ga Janairu 1940 aka fara da sukari da man shanu da naman alade, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har sabulu da alewa. Ayaba ta ɓace ƙwata-ƙwata. Tsohuwar ta ce tana da shekara takwas ta fara ganin ayaba da idonta, kuma ƙanenta da ɓawon ya fara gatsa.

Inda hankalina ya tashi shi ne da aka zo kan tufafi. Ranar 1 ga Yuni 1941 aka wayi gari da sanarwar cewa kowane mutum yana da tikiti 66 na sutura a shekara. Kuɗinka ba ya saya maka riga sai ka haɗa da tikiti. Kwat da wando da 'yar shara ta namiji tikiti 26, babbar rigar sanyi 16, takalmi 7. Yadi ɗaya na auduga mai faɗin inci 36 tikiti 2, na ulu 3. Nan take ɗan Kwarin da ke cikina ya fara lissafi. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi 10 ne, wato tikiti 20, kuma shaddarmu ta fi wancan faɗi. Turmin atamfa yadi 6, tikiti 12 a ƙalla. Ke nan mace ta ƙarar da rabonta na shekara kaf a turmi biyar da rabi, ba takalmi ba mayafi. Daga baya aka rage zuwa 48, kuma daga Satumba 1945 zuwa Afrilu 1946 tikiti 24 kacal aka bayar. Na ce wa yarinyar, da a Kano aka kawo wannan doka, lefen amarya ɗaya sai an haɗa tikitin unguwa guda. Ta fassara wa tsohuwar mene ne lefe da yawan akwatunansa, matar ta riƙe baki. Ita rigar auren yayarta da ƙyallen laimar saukar sojan sama aka ɗinka ta.

Har ɗinki gwamnati ta sa wa ido. An ƙayyade yawan aljihu da maɓallai, an hana naɗe ƙafar wando don kada yadi ya tafi a banza. Telolinmu masu cika wuyan riga da aiki da sun sha tara. Ko Gimbiya Elizabeth, da za ta yi aure a 1947, da tikiti aka sayi yadin rigarta. Gwamnati ta ƙara mata 200, mutane kuma suka yi ta aiko mata da nasu ta gidan waya, aka mayar musu saboda doka ta hana ba wani tikitinka.

Washegari yarinyar ta kai ni gidan tarihin yaƙi da ke Lambeth, wanda ke da manyan bindigogin jirgin ruwa biyu a ƙofa. Shiga kyauta, abin da ya ba ni mamaki a garin da ko ruwan sha sai ka zaro kati. Shayin da na sha a ciki kuwa ya haura fam 3, wajen naira dubu shida ke nan a canjin lokacin, ruwan zafi da ganye a jaka. Na ga littattafan rabo irin na tsohuwar a cikin gilashi, da hotunan da ke kiran mutane su tona fili su shuka, su yi wa tsohuwar riga faci. Har ramin da ya kewaye Hasumiyar Landan sai da aka mayar da shi gonar kayan lambu. Ɓarnar abinci ta zama laifi tun 1940, an taɓa cin wata mata tara don an watsa wa tsuntsaye burodi a gidanta.

Ba na so in mayar da su waliyyai. Tsohuwar da kanta ta ce akwai 'yan bayan fage masu sayar da tikitin jabu, akwai mahaucin da ke ɓoye hanta a ƙarƙashin teburi don matar da yake so ya burge, kuma mai hannu da shuni yana iya zuwa otal ya ci ba tikiti, sai a 1942 aka ƙayyade masa kada cin ya wuce na sule 5. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai: kafin su raba komai sai da suka ƙirga kansu. A ƙarshen Satumba 1939 aka bi gida-gida aka rubuta kowa, aka ba shi katin shaida, da wannan rajista aka buga littattafan. Ni na tsaya layin madara da sabulu da shinkafa a 1984, tun asuba har azahar, kaya suka ƙare saura mutum kaɗan a gabana, da yamma na gan su a kasuwa an ninka kuɗi. Ba wanda ya san mu nawa ne a layin, balle ya san wa ya karɓa jiya.

Da daddare muka koma hira, ta ambaci man shafa burodi na roba, wanda ake ba su giram 113 a mako don cike gurbin man shanu. Ta ce ba ta taɓa son ɗanɗanonsa ba. Na tambaye ta ko ta san da me ake yin sa. Ta ce ita dai ta san jirgi ne ke kawo kayan haɗinsa. Na ce mata, Iya, wani kaso nasa daga gonar kakana ya fito. Da Japan ta ƙwace Malaya da tsibiran da ke kusa da ita a farkon 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza da roba da man girki, sai ta juyo kan Afirka ta Yamma. Gyaɗar Kano da manjan kudu su suka toshe ramin. Hukuma ce ke yanka farashi, ita ce mai saye, manomi ba shi da ta cewa, buhuna suna ta hawa kan juna a Kano suna jiran jirgin ƙasa zuwa Legas. A lokacin ne kuma aka yi ta ɗibar mutane daga ƙauyukan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos ba da son ransu ba, da yawa sanyin dutse da cuta suka kashe su. Kakana yakan ba mu labarin yadda gishiri ya yi wuyar gani a shekarun, da yadda yadin kanti ya ɓace har masaƙa suka dawo da daraja, wasu gidajen mata biyu na karɓa-karɓa da zanen fita guda. Su Turawan an ƙayyade musu, amma an rubuta wa kowa abin da zai samu, jariri ma da littafinsa. Namu an ɗebi amfanin gonarsu da 'ya'yansu, har ƙasar Bama ta Asiya aka kai wasu yaƙi, ba wanda ya rubuta musu ko ƙwai ɗayan. Ta yi shiru, sannan ta ce ba a koya musu wannan a makaranta ba. Ban ga laifinta ba, mu ma namu yaran ba a koya musu. Da safe na tarar ta ajiye mini kwalbar zuma a bakin ƙofa.

Sauran yawon kasuwa ne. A Peckham na ga doya da manja da garin rogo kamar kana Sabon Gari, amma kuɗin doya ɗaya zai sayi ƙwarya guda a Dawanau a shekarun baya. Inda na ci riba shi ne kantunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji. Na samu rigar sanyi ta ulu tsantsa, ɗinkin da ban ga irinsa ba, a fam 12. Na taya fam 8, matar kantin ta dube ni kamar na zage ta, yarinyar ta ja hannuna tana cewa, "Baffa, nan ba a tayi." To, ciniki ba tayi ai sadaka ce da rasit. Na biya. Mutanen garin ba sa gaisuwa a jirgin ƙasa, kowa ya kafa ido a waya, amma ka tsaya da taswira a hannu sai wani ya raka ka har kwana. Layi kuwa ko mutum biyu ne a tashar bas sai ɗaya ya tsaya bayan ɗaya.

Mun bi ta ƙofofin tunawa da ke kusa da fadar Buckingham, waɗanda aka buɗe a 2002 don sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan. Na yi wa namu addu'a a tsaye, ruwa na dukan hulata.

Liverpool mun je mun dawo a yini guda, na ga tashar jiragen da kayanmu ke sauka a da, yanzu duk gidajen abinci ne da masu ɗaukar hoto. A Coventry aka yi bikin, kusa da kangon majami'ar da Jamus ta yi wa ruwan bama-bamai a Nuwamba 1940, sun bar shi haka ba rufi. Yarinyar ta karɓi takardarta, na yi ta ɗaukar bidiyo ana aika wa mahaifinta. Rigar bikin da hular ashe haya ce, fam arba'in da wani abu na 'yan awoyi, yadin kuma roba ne zalla, a Kwari ko labule ba zan ba mutum shawarar ya yi da shi ba.