Ranar da kwalbar kashe gobara ta ƙi tashi a hannuna

Ni dai ina da ɗan butik na fotokofi da ɗaurin takardu nan wajen unguwar Wadata a Yamai, kuma tun da gobara ta cinye kasuwar Petit Marché a 2012 na sayi ekstenkter, wato kwalbar kashe gobara, mai hoda kilo 6 na rataye bayan ƙofa, hankalina kwance. Duk shekara wani yaro yakan zo da babur ya goge ta da tsumma ya manna sabuwar takarda ya karɓi kuɗinshi ya wuce, ni kuwa ban taɓa tambaya tai mi ya duba ba.

Watan Afrilu da ya wuce, tsakiyar zafin nan, an maido kuran da ƙarfi sai waya ta kama a shagon maƙwabcina tela. Na sungumo kwalbar da gudu na zare fil na matsa, wallahi sai wani ɗan huci kawai ta yi ta yi shiru. Da yashi munka kashe wutar bayan an sauke kwantar, kafin 'yan kwana-kwana da aka kira a lamba 18 su iso. Allah ya tsare, keken ɗinki ɗaya da yadudduka ne sunka ƙone, amma ranar ban yi barci ba.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo da aikinshi ke nan, na ce Baba don Allah a gabana za ka buɗe ta. Ya nuna mini allurar agogon da ke nuna ƙarfin iskar da ke ciki, ta daɗe da barin kore ta kwanta kan ja, ni ban ko san ana kallonta ba. Da ya kwance kan, hodar ta dunƙule a gindi kamar siminti da ya sha ruwa, sai da sanda ya farfasa ta, tiyon kuma zanzaro ya yi gida ciki ya toshe shi da laka. Ya ce wani ya taɓa matsa ta ko sau ɗaya ne, kuma da an matsa hoda na maƙalewa a bakin bawul iska ta yi ta zurarewa a hankali, shi ya sa ko kaɗan aka fesa sai an sake cikawa.

Dubawar gaskiya ta shekara, in ji shi, sai an ɗora ta a sikeli, a cire tiyo a hura, a duba roba da tsatsa musamman gindi, a sa sabon hatimi kan fil, sannan a rubuta kwanan wata da sunan wanda ya yi. A ƙa'idar Faransa da yake bi, shekara 10 ana kai ta a yi mata babban gyara, mai hoda in ta kai 20 an gama da ita. Mai gas CO2 kuwa ba ta da agogo ma, nauyinta kawai ke gaya maka ko da saura, ita ya ce in ƙara saboda injunan fotokofi don hoda na ɓata su.

Yanzu duk farkon wata ina sauke ta da kaina in kalli allura, in kife ta in kara kunne har sai na ji hodar na gangarowa kamar rairayi. Na kuma ɗauke ta daga bayan ƙofa inda katon-katon na takarda ke rufe ta, na maido ta bakin shiga daidai ƙirjina, inda rana ba ta dukanta. Yaron nan mai babur ya dawo wancan satin da takardarshi, na ce ɗan'uwa ina sikelinka, ya ce bai zo da shi ba, na ce to sai ka zo da shi.