Rawanin San Kano ya kusa sa ni ajiye fensir

Yau sati uku kenan ina fama da zanen marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah ya jiƙansa, da fensir zalla ba fenti ba komai. Hoton da nake kallo na wata tsohuwar kalanda ne da ke rataye a ɗakin kakarmu Hajiya tun ina firamare, har ta koɗe amma ta hana a cire.

Kayan aikin ba wasu masu yawa ba ne, na shiga Sabon Gari na sayo farin kwali da fensir HB da 2B da 4B da 6B, sai kilina mai laushin nan da ake murɗa ta kamar cingam, da audugar goge kunne ta murza inuwa. Bakin fensir ɗin ai girafait ne ake haɗawa da yumɓu, in yumɓun ya yi kaɗan sai ya yi laushi ya yi baƙi, shi ne masu B ɗin nan. Amma 6B ɗan banza ne, kana danna shi da ƙarfi wajen zai ɗau ƙyalli sai ka ce bayan cokali, kuma ba ya gyaruwa.

Ni da na ɗauka fuskar ce za ta ba ni wuya. Ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Amawali ya rufe baki da haɓa, abin da ya rage ido ne da hanci da ɗan kumatu, na raba hoton gida-gida da rula na bi a hankali, kwana huɗu na gama. Rawanin ne fa. Fari ne tas, kwalin ma fari, to me za ka zana? Inuwar da ke tsakanin ninki da ninki kawai za ka bi, farin kuma ka bar wa takarda, in ka cika hannu ya koma kamar an naɗa tsumma mai datti, in ka rage kuma ya zama kamar ƙwarya aka kife masa.

Da na kai wa Hajiya ta gani ta daɗe tana kallo, sannan ta ce "maigida, idon nasa ne, amma wannan naɗin na liman ne ba na Sarki ba." Wallahi na ji haushi, amma ba ni da bakin musu. Mutumin da ya hau gadon sarauta a 1963 bayan ya yi Wakilin Doka ya yi jakadan Najeriya a Senegal, ya zauna a Gidan Rumfa sama da shekara 50 har ranar Juma'a 6 ga Yuni 2014, matar da ta sha tsayuwar kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ai ba ni zan gaya mata kamanninsa ba.

Sai na je wajen wani dattijo a unguwarmu da ke wa mahaya naɗi lokacin Sallah, na ce Baba don Allah ka naɗa in gani. Ya ɗauko harsa ya naɗa a kan hula a gabana har sau biyu, a nan na gane ninkin ba zagaye yake yi kawai ba, kowane zagaye hawa yake kan na baya a karkace, kunnuwan nan biyu na jinin sarauta kuma daga cikin naɗin suke fitowa, ni kuwa na dasa su a sama kamar an liƙa da gam.

Na goge kusan rabi na sake, da tocilan ɗin waya ma wani daren saboda an ɗauke wuta. Jiya Hajiya ta sake dubawa ba ta ce komai a kan rawanin ba, sai cewa ta yi in na gama a sa masa gilashi a rataye kusa da kalandar. Saura aikin alkyabba, ga 2B ɗina ya zama guntu, ranar Asabar sai na koma Sabon Gari.